"Ungozoma mai wando": raini ne ko wasa?

Tambaya: Likita, ɗana ya gama hidimar ƙasa, ya ce zai ƙware a ɓangaren mata da haihuwa. Da abokansa likitoci suka zo ƙauyenmu bikin ƙanwarsa, na ji suna kiransa "ungozoma mai wando" suna ta dariya. Raina aikin ake yi? Daga wani uba, kusa da Ringim.

Amsa: Baba, kwantar da hankalinka. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari shi ne tsakanin likitoci, kuma ba wanda ya tsira. Likitan ƙashi kafinta ake ce masa, saboda guduma da ƙusa. Mai sa barcin tiyata kuwa, wai ya fi majinyacin barci.

Mu likitocin mata da haihuwa, namu kason ya fi yawa. Likitocin fiɗa kan ce tiyata ɗaya muka iya, ciro jariri. Sukan kuma ce bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara ba shi da maƙiyi kamarmu. Wannan tsokanar tana da tushe, ba zan ɓoye maka ba: bututun yana bi ta gefen bakin mahaifa, ƙarƙashin jijiyar jininta, don haka wajen cire mahaifa akan ji masa rauni. Shi ya sa malamanmu ba sa barin ɗalibi ya ɗaure komai sai ya nuna inda bututun yake.

Amma a bar mai dariyar ya kwana ɗaya a ɗakin haihuwar asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki tun 2008. Ƙarfe 3 na dare a sauko da yarinya daga akori-kura, kwana biyu tana naƙuda a gida, jijjiga ta kama ta, an cusa mata cokali a baki. Rai biyu ne a hannunka lokaci guda. Mahaifar mai cikin wata 9 tana karɓar jini wajen rabin lita a kowane minti, idan ta ɓalle da zuba, babu lokacin buɗe littafi.

Wasan da ba na so shi ne na cewa namiji ya zaɓi fannin don son kallon mata. Wannan yakan fita daga asibiti ya shiga majalisa, har maigida ya hana matarsa zuwa awo. Ƙa'idar aiki ita ce namiji ba ya duba mace sai da ma'aikaciya a tsaye a ɗakin.

Ɗanka yana da shekara 5 zuwa 6 na horo a gaba, da jarrabawa masu zafi. Ka gaya wa mahaifiyarsa tun yanzu, wata Sallar sai dai a aika masa da tuwonsa asibiti.