Kafin ka zana wa baƙo ko da yatsa ɗaya

Kai yaro, tambayarka ita ce wai ko jaruman ƙananan gem, irin waɗanda mutum ɗaya ko 'yan tsiraru suke ƙerawa ba da kuɗin babban kamfani ba, sun cancanci gurbi a gem ɗin faɗa na haɗaka, inda ake tattaro gwanaye daga gidaje daban-daban su gwabza. Da wani ne ya tambaya, da na ce ya je ya ƙarasa aikin da ke gabansa. Amma ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don haka saurara, kuma kada ka katse ni.

Ku yaran yanzu kun ɗauka jerin mayaƙa allon karramawa ne, wanda duk kuke ƙauna a rataya hotonsa. Gurbi aiki ne da kuɗi. A 2013 masu wani gem ɗin faɗa mai suna Skullgirls suka nemi jama'a su tara musu dala 150,000 don su ƙara mayaƙiya ɗaya tak, Squigly. Intanet ta ɗauki ihu, wai kuɗin ya yi yawa, wai damfara ce. Mu da muke cikin sana'ar dariya muka yi, don mun san sun ma rage farashi. Zane, motsi, murya, gwaji, da kuɗin da kamfanonin na'urar buga gem suke karɓa a lokacin kafin su bari gyara ya shiga, duk a ciki. To wannan tasu ce, ba mai hana su juya ta yadda suka ga dama. Baƙo, wato jarumin wani gida da ka aro, ya fi haka tsada, don shi da mai shi yake zuwa.

Yadda ake ƙirga firam, wato hotunan motsi, sittin a daƙiƙa, da inda ake ɗora akwatin duka, wato iyakar inda duka ke iya taɓa mutum, da yadda ake daidaita ƙarfi, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai san wannan ba bai kai a ba shi kujera a wurina ba.

Bari in ba ka labarin mai fitila.

Lokacin muna tsakiyar haɗa gem ɗinmu na biyu, mu 'yan kaɗan ne, kuɗi a ƙirge. Sai ga wani matashi, ba zan kama sunansa ba, ya fito da wani ɗan gem da ya yi ɗan tashe sannan ya lafa. Jarumin cikinsa wani ɗan guntun halitta ne mai ɗauke da fitila a bakin sarƙa, da ƙugiya a ɗaya bakin. Ranar da na fara ganinsa hannuna ya yi ƙaiƙayi, don wannan mayaƙi ne tun daga haihuwa. Yana wurga ƙugiya ya maƙale a bango, ya lilo, ya wulwula fitilar ta doki wanda ke bayansa. Shi ya fara nemanmu, ba mu muka neme shi ba, ka riƙe wannan. Ya zo da ladabi kamar ya kwanta, Oga kaza Oga kaza, wai tun yana ƙarami yake buga aikina. Na ce madalla, a kawo takarda a sa hannu. Sai ya ce haba, ai mu duka ƙanana ne, lauya da kwantiragi ai na manyan kamfanoni ne masu cin amana, zai sa hannu da zarar ya ɗan samu sarari. Abokin aikina da ke riƙe da harkar kuɗi ya ja ni gefe ya ce na cika tsauri, kada in kori yaro mai son mu. Aka rinjaye ni. Ni dai na faɗa, kuma kowa ya ji na faɗa.

Ka san me sarƙa take nufi a gem ɗin faɗa? Takobi sandararre ne, ka zana shi a firam, ka ɗora masa akwati, shi ke nan. Sarƙa kuwa tana lanƙwasa, tana ja, tana dawowa. Sai da na sa akwatin duka ya riƙa bin fitilar ita kanta, gaɓa-gaɓa, yadda idan ta wuce ta saman kan abokin gaba da faɗin gashi ɗaya ba za ta taɓa shi ba, kuma mai kallo ya yarda da idonsa cewa ba ta taɓa shi ba. Ƙugiyar kuma ta tilasta mana komawa kan kowane fili da muka riga muka gama, muna duba kowace kusurwa, don akwai inda in ya maƙale sai ya ratsa ta cikin bango ya faɗa inda babu komai. Sannan kamu. Idan ya ɗaure mutum da sarƙa ya finciko shi, kowane mayaƙi a jerin sai an zana masa yadda jikinsa zai naɗe, ƙato daban, siriri daban, mai jela daban, mai fukafukai daban. Wannan ne ku masu ihu a intanet ba ku sani ba: in ka ƙara mutum ɗaya, ka taɓa kowa.

Shi kuwa gogan naka yana can yana aiko da gyara cikin dare. Wai jaruminsa ba ya yamutsa fuska haka. Wai hasken fitilar ya yi ja da yawa. Wai ba ya so a ga ana taka shi a ƙasa, to a gem ɗin faɗa me ake yi wa wanda ya faɗi? Muka bi shi, muka gyara, muka sake gyarawa. Duk lokacin da na tayar da zancen takarda sai ya ce mako mai zuwa, kwamfutarsa ce ta lalace, ko ba shi da lafiya, ko yana hanya.

Muka saki bidiyon talla. Ni na tsara shi da hannuna: fili ya yi duhu, ƙarar sarƙa tana jan ƙasa, sannan fitila ta kunnu. Mutane suka haukace. Gem ɗinsa da ya riga ya kwanta ya farfaɗo, aka koma ana saye, 'yan jarida suka koma suna kiransa. Mu ma jama'a suka biya mu kuɗin ƙarin mayaƙa tun kafin su fito, da yawansu saboda shi. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Saƙo ya daina samun amsa. Abin da ya iso mana a madadinsa wasiƙar lauya ce, daga wani kamfanin dillancin gem da ya saye shi ɗungurungum, jarumi da suna da duk abin da ya shafe su. Wasiƙar ta ce mu daina amfani da kayansu, mu sauke bidiyon, kuma in muna da wata yarjejeniya a rubuce mu nuna. Me za mu nuna? Saƙonnin Oga kaza Oga kaza?

Daga baya muka gano cewa tun muna zana sarƙar nan yake ciniki da su, kuma ihun da tallanmu ya tayar shi ya kai musu a matsayin shaida cewa jaruminsa yana da kasuwa. Da guminmu ya ɗaga farashinsa. Shi ya sa ya ƙi sa hannu, don jarumin da aka riga aka ba wani aro a rubuce ba ya tsada kamar wanda ba kowa a kansa. Ba mantuwa ba ce, ba ƙuruciya ba ce, lissafi ne.

Muka mayar wa mutane kuɗinsu. Zagi kuma mu muka sha, don mai saye bai san wani mai fitila ba, mu ya sani, mu muka yi masa alkawari. Na so in canza masa kamanni, in mai da fitilar ƙararrawa, in ceci motsin da na yi. Lauyan da muka ɗauka bayan aikin gama ya gama ya ce kada mu kuskura, duk wanda ya ga tallan zai gane shi, kuma ba mu da kuɗin shari'a ko da mu ke da gaskiya. Mafi ƙwarewar mai zanen motsi da na taɓa horarwa ta bar mu a wannan shekarar, don albashi ya fara jinkiri, kuma ban ga laifinta ba. Mayaƙin da ya fi kowane kyau a cikin duk waɗanda na taɓa ginawa yana nan a ajiye, ba wanda ya taɓa riƙe hannun gem ya buga shi in ban da mu. Kamfanin da ya saye shi bai yi komai da shi ba har yau. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Kada ka ce don haka na tsani ƙanana. Manya ma suna yi. Marvel vs. Capcom 2, wanda ya fito a 2000 da mayaƙa 56, an cire shi daga kasuwar intanet a ƙarshen 2013, aka shafe shekaru ba mai iya sayensa ta nan, don rabin mayaƙansa na Marvel ne, ba na Capcom da ya ƙera shi ba. A 2017 Marvel vs. Capcom: Infinite ya fito ba ɗan X-Men ko ɗaya, alhali da su aka kafa gidan tun X-Men vs. Street Fighter na 1996. Zanen aro ba ya rufe katara, ko na wane ne. Bambancin kawai, babba yana gaya maka a rubuce ranar da zai karɓe kayansa. Ƙarami kuwa wani lokaci shi kansa bai san wa ya mallaki abin da yake ba ka ba: abokinsa ya zana, wani ya yi kiɗa, sun ɓata, ba takarda tsakaninsu.

In ka cire wannan, ƙanƙantar gidan da jarumi ya fito ba ta dame ni ba ko kaɗan. Abin da nake dubawa shi ne me yake yi da hannunsa. Ɗauki Shovel Knight na Yacht Club Games, 2014. Ka shafe shi da baƙin fenti gaba ɗaya, ƙahonnin nan biyu da shebur za su gaya maka ko wane ne. Yana tsalle ya kafa shebur a kan mutum ya sake tashi sama, yana haƙa ƙasa, yana tara dukiya. Rabin aikinka an yi maka. Shi ya sa ya shiga Rivals of Aether da Blade Strangers a matsayin cikakken mayaƙi, kuma ya zauna daram. Akwai jaruman manyan kamfanoni da aka kashe miliyoyi a kansu, in ka shafe su da baƙi ba za ka bambance su da juna ba, duk namiji ne mai bindiga.

Kuma ku da kuke kukan wai Super Smash Bros., gem ɗin haɗaka na Nintendo, ya raina ƙanana, ku duba da kyau. An fara shi a 1999 da mayaƙa 12, duk 'yan gidan Nintendo. Sai a 2008 aka buɗe wa baƙi ƙofa, Snake da Sonic. A Super Smash Bros. Ultimate, Shovel Knight ya shiga a matsayin mai kawo ɗauki kawai, ba cikakken mayaƙi ba, Sans na Undertale ya zo a 2019 a matsayin kayan sawa na Mii, wato ɗan mutum-mutumin da mai buga gem ke ƙera wa kansa, Cuphead ya biyo baya a 2020. Kuna cewa wulaƙanci ne. Ni ina ganin dabara ce ta wanda ya san tsadar gurbi: masoya sun ga nasu, an biya mai shi, ba a rushe gida ba. Steve na Minecraft kuwa ya samu cikakken gurbi a Oktoban 2020, kuma Minecraft mutum ɗaya ne ya fara shi a 2009. Sai dai kafin nan Microsoft ta riga ta sayi Mojang, kamfanin da ke da Minecraft, a 2014 a kan dala biliyan 2.5, wato akwai wanda zai zauna a teburi ya sa hannu. Duk da haka Masahiro Sakurai, jagoran masu ƙera Smash, da bakinsa ya ce sai da suka sake taɓa dukkan filayen gem ɗin don Steve ya iya jera tubalansa. Da na ji haka sai na tuna ƙugiyata. Su suna da ma'aikatan da za su ɗauki wannan nauyi, kuma Steve ya kawo salon faɗan da ba wanda yake da shi a jerin. Wanda ke son ganin ƙanana zalla suna dambe, ga Fraymakers nan tun 2023, har da Octodad mai lanƙwasassun hannaye. Ku je ku saya mana. A'a, kun fi son ku yi ta jefa ƙuri'a a intanet, a sa muku jarumi, ku buga shi mako ɗaya ku koma kan wanda kuka saba.

Saboda haka in wani ya zo maka da jaruminsa, komai kyansa, komai daɗin bakinsa, fensirinka ba zai taɓa takarda ba sai tasa takardar ta zo da sa hannu. A ciki a rubuta cewa shi kaɗai ya mallaki zane da suna da kiɗa, in kuma akwai wani, shi ma ya sa hannu. A rubuta sau nawa yake da ikon cewa a gyara, don in ba haka ba zai mai da kai bawansa. A rubuta cewa za a doke jaruminsa, a taka shi, a wurga shi, kuma in ya fi ƙarfin sauran za ka rage masa ba sai ka nemi izini ba. Uwa uba, a rubuta cewa ko ya sayar da kansa ga wa, izininka yana bin jarumin zuwa sabon gida. In ya ce maka ai ku 'yan'uwa ne, ka ce masa ɗan'uwa ba ya tsoron biro.

Hotunan gudun nan da ka miƙo min kuma, ƙafar hagu tana zamewa a firam na huɗu. Koma ka gyara.