Tambaya da Amsa: Zan iya ɗora shafuka huɗu a kan WordPress ɗaya da rumbun bayanai ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a Garwa. Na kama hayar wuri a sabar wani kamfani, amma ƙunshin da na biya rumbun bayanai ɗaya tak ya ba ni. Shafin shagona yana kai, ya kusa shekara yana aiki da WordPress, manhajar gina shafin intanet. Yanzu Islamiyyar unguwarmu tana son shafi, wata ƙungiyar 'yan albasa ma tana so, ni kuma ina son buɗe wani na koyar da kwamfuta da Hausa. Zan iya haɗa su duka a wuri ɗaya, ko dole sai na ƙara biyan wata hayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana iya yi, kuma hanya biyu ce. Abin da zai raba maka gardama tsakaninsu shi ne wannan: wa ke da shafin? Shafukan da mai su ɗaya ne, a haɗa su. Wanda na wasu ne, kuma wata rana za su iya cewa a ba su abinsu, a ajiye shi daban tun daga farko, domin haɗawa aikin rabin awa ne, rabawa kuwa tana iya cinye maka yini.

Hanya ta farko ita ce ka girka WordPress sau huɗu, kowane a foldarsa, amma duk su sha daga rumbu ɗaya. Abin da ke hana su cakuɗewa layi ne guda a cikin fayil ɗin wp-config.php, wato $table_prefix. Na shagonka mai yiwuwa 'wp_' ne. Sai ka ba na Islamiyya 'isl_', na ƙungiya 'alb_', tun lokacin girkawa. WordPress yana ƙera tebur 12 a rumbu, saboda haka shafuka huɗu tebur 48 ke nan, kowane rukuni da alamarsa a gaban suna. Babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa: masu shiga daban, ƙarin manhajoji (plugins) daban, sabuntawa daban. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a manta a canza alamar, sai sabon shafin ya tarar da teburorin tsohon ya ce ai an riga an girka, ya riƙa tura ka adireshin shagonka.

Hanya ta biyu ita ce Multisite, wato tarayyar shafuka da yawa a kan WordPress guda ɗaya. Da can manhaja ce mai zaman kanta da ake kira WordPress MU, sai aka haɗe ta da babbar a sigar 3.0 ta shekarar 2010, don haka tana nan cikin abin da ka riga ka girka, kunna ta kawai ake yi. A nan fayilolin WordPress kwafi ɗaya ne, rigunan shafi (themes, masu ba shafi kamanninsa) da ƙarin manhajoji ma kwafi ɗaya, kuma duk masu shiga suna cikin teburi biyu na tarayya, wp_users da wp_usermeta. Kowane sabon shafi yana samun tebur 10 nasa masu lamba: na biyu wp_2_posts, wp_2_options da sauransu, na uku wp_3_posts, haka dai. Akwai kuma wasu shida na kula da tarayyar kanta, irin su wp_blogs da wp_sitemeta. Hotunan kowane shafi suna sauka a foldarsa, misali wp-content/uploads/sites/2/.

Ga yadda ake kunna ta. Ka fara sauke cikakken kwafin ajiya, na fayiloli da na rumbu, ka tabbatar fayil ɗin rumbun ya sauko har ƙarshe, don intanet ɗinmu takan yanke ta bar maka rabin fayil da ba ya maido da komai. Ka kashe duk ƙarin manhajojin da ke aiki. Sannan ka buɗe wp-config.php ka sa wannan layi a saman inda aka rubuta cewa a daina gyara daga nan:

define( 'WP_ALLOW_MULTISITE', true );

Ka koma allon gudanarwa. A ƙarƙashin Outils, ko Tools idan allonka na Ingilishi ne, za ka ga sabon wurin ƙirƙirar tarayyar. Nan zai tambaye ka siffar adireshi: ko reshen domen kamar koyo.shagona.cm, ko folda kamar shagona.cm/koyo. To kai ba za a ba ka zaɓi ba. Duk shafin da rubuce-rubucensa suka haura wata ɗaya, WordPress yana rufe masa hanyar folda, saboda sunan sabon shafi zai iya karo da adireshin wani tsohon rubutu. Reshen domen za ka bi. Da ka danna, zai ba ka layuka kashi biyu: kashi ɗaya na wp-config.php, masu ɗauke da MULTISITE, SUBDOMAIN_INSTALL, DOMAIN_CURRENT_SITE da 'yan'uwansu, ɗaya kuma na .htaccess. Na .htaccess maye gurbin tsofaffin dokokin WordPress suke yi, ba a ƙara su a ƙasan na da. Wanda ya bar duka biyun yakan ga hotuna sun ɓace ko allon gudanarwa yana ta juyawa ba ya buɗewa. Bayan haka ka fita ka sake shiga.

Reshen domen yana buƙatar aiki a wajen WordPress, kuma nan mutane da yawa ke maƙalewa. Ƙirƙirar shafi a cikin allo ba ta gaya wa duniya inda yake ba. Sai ka shiga cPanel, allon sarrafa hayarka a sabar, ka ƙirƙiri reshen, ka nuna masa ainihin foldar da WordPress yake, wadda galibi public_html ce. cPanel yakan so ya yi masa sabuwar folda da kansa. Kada ka yarda, in ba haka ba fanko za a riƙa gani. Akwai dabarar sa tauraro, *.shagona.cm, don kowane reshe ya yi aiki ba tare da an ƙirƙire shi ba, amma a shafuka uku ko huɗu ba mu ga amfaninta ba. Takardar tsaro ta https mai rufe dukan rassa, irin wadda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta, sai an tabbatar da ita ta hanyar DNS, wato saitin da ke haɗa domen da sabar, kuma ba kowane kamfanin haya ne ya sauƙaƙa hakan ba. Ka yi kowane reshe da hannu, sabar ta ba shi takardarsa.

Idan wani shafi yana son domen nasa na kansa, ko .cm na Kamaru ko .td na Cadi ko .org, shi ma yana yiwuwa ba tare da ƙarin manhaja ba tun sigar 4.5 ta 2016. Ka nuna domen ɗin ga sabarka, ka ƙara shi a cPanel a kan folda ɗaya da sauran, sannan a allon tarayya ka gyara adireshin shafin. In shiga ta ƙi, yana cewa burauza ta toshe kukis, ka ƙara wannan a wp-config.php:

define( 'COOKIE_DOMAIN', $_SERVER['HTTP_HOST'] );

Yanzu ga abin da zai canza a aikin yau da kullum. Kai ka zama babban mai kula, kai kaɗai ke girka riga ko ƙarin manhaja. Malamin da ka ba ragamar shafin Islamiyya yana iya rubutu, ya sa hoto, ya zaɓi riga daga cikin waɗanda ka buɗe masa, amma ba zai girka komai ba. Wannan alheri ne, don ana samo kutse daga manhajojin sata, waɗanda ake saukewa kyauta alhali na kuɗi ne. Sai dai WordPress yana kuma goge lambobin iframe da script, waɗanda ake saka taswira ko fom da su, daga rubutun duk wanda ba babban mai kula ba. Zai liƙa taswira ko fom, ya adana, ya ga babu komai, ya ɗauka shafin ya lalace. Bidiyon YouTube ba ya cikin wannan matsala, adireshinsa kawai ake liƙawa a layi shi kaɗai.

Wani tarkon shi ne girman fayil. Tarayyar tana zuwa da iyakar KB 1500 ga kowane fayil, wato kusan megabait ɗaya da rabi, hoton wayar zamani kuwa yakan ninka haka. Sautin karatu ko wa'azi ba a ma maganarsa. Ka je saitin tarayya ka ɗaga iyakar, amma ka sani ba za ta wuce abin da PHP na sabar, wato harshen da WordPress ke aiki da shi, ya yarda da shi a upload_max_filesize da post_max_size ba. A wurin ne kuma akwai akwatin ƙayyade wa kowane shafi fili, wanda aka rubuta masa MB 100. Ka kunna shi ka sa adadin da ya dace, kada shafi ɗaya ya cinye hayar kowa. Gaskiya ma, sauti da bidiyo gara a ɗora su a wani wuri a kawo mahaɗinsu, kuma a rage nauyin hoto kafin a ɗora, tun da masu karatunka da datar waya suke buɗewa.

Harshe da agogo kowane shafi da nasa. Kana iya barin allon ƙungiya da Faransanci, naka da Ingilishi. Ka saita agogon kowanne a Douala, ko Ndjamena ga na Cadi, dukansu awa ɗaya suke gaban UTC. In ka manta, rubutun da aka tsara fitarsa zai saɓa da awa guda. Akwai kuma dalili na biyu da ke hana irin wannan rubutu fita a kan lokaci: agogon aikin WordPress ba ya motsi sai wani ya ziyarci shafin, kuma a Multisite kowane shafi da nasa jadawalin. Shafin da ba a cika shiga ba sai sanarwarsa ta kwana ba ta fita ba. Maganinsa shi ne a sa cron, wato agogon aikin sabar, ya riƙa kiran wp-cron.php na kowane shafi duk minti 15.

Tun da za ka yi rubutu da Hausa, wataƙila da Fulatanci ma, ka lura da tsarin haruffan rumbu. WordPress yana amfani da utf8mb4 tun sigar 4.2, kuma ƙ, ɗ, ɓ da ŋ suna zama lafiya a ciki. Ɓarnar tana zuwa ne wajen fitar da rumbu ko shigar da shi ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbu, idan aka zaɓi tsarin haruffa na latin1: duk haruffa masu lanƙwasa sai su koma alamar tambaya ko tarkace. A rumbun tarayya kuskure ɗaya irin wannan shafuka huɗu yake taɓawa a lokaci guda.

Wannan shi ne babban aibin tarayya gaba ɗaya. Kamar gidan haya ne mai mitar wuta ɗaya: in ta ƙone, kowane ɗaki duhu. Ƙarin manhaja ɗaya da aka kunna wa kowa, in ya yi karo da sabuwar sigar PHP, duk shafukan suna faɗuwa tare. Ranar da Islamiyya ta saki sakamakon jarrabawa iyaye suka yi ca a kai, shafin shagonka ma zai yi nauyi, domin ƙarfin sabar da ka haya ɗaya ne. Kuma kada ka ɗauka hanya ta farko ta tsare ka daga kutse. Tun da duk shafukan da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya suke shiga rumbun, wanda ya karanta wp-config.php na ɗaya ya samu mabuɗin teburorin duka. Bambancin alamar tebur tsari ne kawai, ba ya hana ɓarawo.

Inda hanyoyin biyu suka rabu sosai shi ne ranar fita. A hanya ta farko, in ƙungiyar 'yan albasa ta yi sabon shugabanci suka ce za su koma wani wuri, teburori masu alamar alb_ za ka fitar, ka haɗa da foldarsu, ka miƙa musu. A Multisite kuwa sai ka fitar da teburorin wp_3_, ka canza musu suna, ka tsamo mutanensu ɗaya bayan ɗaya daga teburin masu shiga na tarayya, ka mayar da wp_3_capabilities zuwa wp_capabilities, ka gyara wp_3_user_roles a teburin saiti, sannan ka canza adireshin kowane hoto daga uploads/sites/3/ zuwa uploads/. Ko canza adireshin ma ba a yin sa da umarnin SQL, harshen rumbu, kai tsaye, domin WordPress yana adana wasu saituka tare da ƙidayar haruffansu. In tsawon adireshi ya canza ƙidayar ba ta canza ba, sai saitin riga ya ɓace. Da umarnin wp search-replace na WP-CLI, manhajar sarrafa WordPress da rubutaccen umarni, ake yi, ko wata manhajar da ta san wannan lissafi. Haka ma maido da shafi ɗaya daga kwafin ajiya: in ka mayar da rumbun jiya gaba ɗaya don gyara ɓarnar shafi guda, ka goge aikin yau na sauran ukun.

Don haka ga shawararmu a kan shafukanka. Na shago da na koyar da kwamfuta naka ne, ka haɗa su a Multisite, sabuntawa ɗaya ta wadatar. Ka dai tuna danna maɓallin sabunta tarayya bayan kowace babbar siga, don teburorin kowane shafi su bi sahu. Na Islamiyya zai iya shiga cikinsu idan kai ne za ka ci gaba da riƙe shi kuma sanarwa da hotuna kawai za a riƙa sawa. In za a ajiye sunayen ɗalibai da makinsu, a raba shi. Na ƙungiya kuwa ka girka shi daban da alamarsa, a kuma sayi domen ɗin da sunan ƙungiyar da imel ɗinta, ba da naka ba. Hanyoyin biyu suna zama tare a rumbu ɗaya ba matsala, muddin alamun ba su yi karo ba. Kada dai ka ba wani shafi na daban alama irin wp_2_, don Multisite zai neme ta.

Kafin ka taɓa komai, ka tambayi kamfanin hayarka abu uku: ko ƙunshinka ya yarda da Multisite, domin wasu suna hana shi a ƙaramin ƙunshi, domen da rassa nawa aka yarda ka ƙara, da kuma kuɗin ƙunshi na gaba mai rumbu fiye da ɗaya. In bambancin bai taka kara ya karya ba, ƙungiyar ta biya shi daga asusunta, a ba ta rumbu nata da kalmar sirri tata.