Tambaya da Amsa: Me ya sa ake adana zanen gawayin da ba a gama ba?

Tambaya: Malam, ina koyon zane a Zariya. Na ga wasu zane-zanen gawayi na John Singer Sargent, mai zane ɗan Amurka, mutane suna shawagi a sama, wani ba ƙafa, wani hannu kaɗai aka zana. An ce share fage ne na zanensa na Iskoki. Me ya sa gidajen tarihi ke ajiye abin da ba a kammala ba?

Amsa: Ɗana, ai a nan aikin yake. Zanen da kake magana yana cikin waɗanda Sargent ya yi wa babban gidan adana zane-zane na Boston a Amurka, a saman matakalar shiga. Iskokin kuwa allolin iska ne na tatsuniyar Girkawa: Boriyas na arewa mai kawo sanyi, Notus na kudu mai ruwa, Yurus na gabas, da Zefirus na yamma mai laushi.

To, iska ba ta da jikin da za a zana. Dole sai an ara mata na mutum. Shi ya sa yake tsayar da mutum a gabansa, ya karkata shi, ya zana kafaɗa ita kaɗai, ya sake zana gwiwa, har ya gano yadda jiki zai yi kamar guguwa ce ta ɗauke shi. Kuma mai kallo daga ƙasa zai ɗaga kai, don haka sai an lissafa yadda tsawon jiki ke gajarcewa a ido. Gawayi yana gogewa da yatsa. Fentin mai a kan ƙaton kyalle ba ya yafe kuskure cikin sauƙi. Kamar tela ne da ke gwada yanka a takarda kafin ya sa almakashi a shadda.

Ni dai na fi son na gawayin, domin akwai abin da suke tonawa. Da yawa daga cikin allolin da ke bangon gidan, jikin Thomas McKeller aka kalla aka zana su, baƙar fata mai tuƙa na'urar hawa bene a wani otal, wanda Sargent ya haɗu da shi a 1916. A bango an mayar da su farare, an canja musu fuska. A takarda kuwa ga mutumin nan da kamanninsa.

Sargent ya rasu a Landan a watan Afrilun 1925, ana gab da tafiyarsa Boston don a liƙa zanukan ƙarshe. Bayan rasuwarsa 'yan'uwansa mata suka rarraba tarin takardun nan ga gidajen tarihi. Kai ma ka daina yaga naka, ka riƙa rubuta kwanan wata a bayan kowace takarda.