Tambaya da Amsa: In sayi fulat a hawa na tara ko in tsaya a ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya jama'a. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, wani dillali da muka daɗe muna hulɗa ne ya kawo min takarda mai sheƙi ta wani dogon bene da za a gina a wajejen Nassarawa GRA, hawa 14, gilashi tun daga ƙasa har sama, lif biyu, wurin ninƙaya a can ƙololuwa, fakin a ƙarƙashin ƙasa. Wai fulat mai ɗaki uku a hawa na tara naira miliyan 280, a ba da kashi 30 yanzu sauran a hankali, kuma ya rantse min kafin a gama ginin kuɗin zai ninka. Yarana sun nace in saya, maiɗakina kuma ta ce ita ba za ta zauna inda babu tsakar gida ba. Don Allah Malam ya kai wannan kuɗin? Kuma in na tashi sayarwa zan samu mai saye?
Daga wani Alhaji, Tarauni.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tun farko dai ka gaida Hajiya, don maganarta tana da nauyi a lissafin nan fiye da yadda yara suke zato, zan zo kanta.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne wanda ya sayi fulat a hawa na tara bai sayi ƙasa ba. Mu nan Kano duk wanda ka ji ya ci riba a gida to galibi ƙasar ce ta ci masa, ya sayi fuloti a bayan gari ya zagaye ya manta, gari ya zo ya same shi, ko ginin da ke kai ya ruɓe filin yana nan yana hawa. A dogon bene kuwa filin ɗaya ne ku da yawa ne a kansa, rabonka a ciki ɗan kaɗan ne, mafi yawan kuɗinka ya tafi ne a kankare da rodi da gilashi da inji, waɗannan kuma tsufa suke yi ba daraja suke ƙarawa ba. Kamar mutum arba'in ne suka haɗa kuɗi suka sayi tirela ɗaya, in direba na kirki ne kuma kowa yana kawo kuɗin gyara a kan lokaci a ci riba, in mutum goma suka noƙe mota ta kwanta a gareji har da rabon wanda bai taɓa fashin biya ba.

Direban a nan shi ne kamfanin da zai kula da ginin, kuɗin gyaran kuma shi ne sabis caj da za a riƙa karɓa duk shekara, kuma na lura babu shi a cikin abin da dillalinka ya lissafo maka. Tambaye shi nawa ne, a rubuce, da wa zai riƙe kuɗin da kuma me za a yi wa wanda ya ƙi biya. Don hawa na tara babu lif ba gida ba ne, horo ne, balle ga dattijo ko mai ciki ko ranar da aka sayo buhun shinkafa. Lif wuta yake ci ba dare ba rana, famfon da zai tura ruwan burtsatse zuwa tankin sama wuta, esi wuta, tace ruwan wurin ninƙayar nan da ake yi maka kwalliya da shi ma wuta. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, dizal kuma kai ka fi ni sanin inda ya kai tunda kuna kunna inji a kasuwa. Sola tana taimakawa amma rufin dogon bene ƙarami ne in ka raba shi da yawan gidajen da ke ƙarƙashinsa, shi ma kuma an ce za a zuba masa ruwan iyo.

Sai zanen kansa. Gaskiya ni duk sanda na ga an zana wa Kano gini gilashi zalla sai gabana ya faɗi. Garin da a Afrilu zafi ke haura digiri 40, ka ɗauko bangon gilashi ka fuskantar da shi yamma, daga la'asar falon ya zama tanda, esi biyu suna ihu ba sa cin ƙarfinsa, ƙarshe a sa labule mai kauri a rufe ruf, kallon garin da aka biya miliyoyi dominsa ya tashi a banza. Hunturu ya shigo ƙura ta lulluɓe gilashin, wa zai wanke na hawa na goma sha biyu ta waje, da wace na'ura, da kuɗin wa? Magina na dauri da suka yi Gidan Makama ba su san esi ba amma sun san rana, bango mai kauri, taga ƙarama, soro mai tsayi, kana shiga da tsakar rana ka ji sanyi ya dake ka. Ba cewa nake a yi hawa 14 da tubali da azara ba, cewa nake mai zanen da ya san garin nan zai dogayar da ginin ta yadda manyan tagogi za su kalli kudu da arewa, ya yi baranda mai zurfi da za ta yi wa tagar inuwa, ya sa gilashi mai ruɓi biyu, ya bar hanyar da iska za ta ratsa ɗaki ranar da babu wuta. Ka karɓi zanen ƙasa na fulat ɗin ba hoton kwamfuta mai shuke-shuke da Turawa suna yawo ba, ka nemi kibiyar da ke nuna arewa, ka ga ina ɗakin kwananka ya kalla.

Yanzu maganar Hajiya. Duba zanen nan da idonta: baƙo namiji in ya shigo zai iya zama ba tare da ya hango kicin ba? Falo biyu ne ko ɗaya? Ina za a shanya kaya, ina za a ɗora tukunyar suna, ina za a ɗaure ragon layya a yanka shi, ina 'yan gaisuwa za su zauna in an yi rasuwa? Wannan ba ƙauyanci ba ne, kasuwa ce, don duk matar da ta ce ba za ta zauna ba mai saye ɗaya ne ya fita daga layin waɗanda za su saya a hannunka gobe. Masu kuɗin Kano har yau sun fi son katanga da get da filin da za a ƙara sashe in an ƙara aure ko yaro ya girma. Waɗanda za su so fulat suna nan, ma'aikatan banki da na ƙungiyoyin waje, Larabawa da Indiyawa da 'yan Sin masu masana'anta a Sharaɗa da Challawa da Bompai, 'yan gari mazauna Abuja ko Ingila masu son wurin da za su kulle su tafi wata shida hankali kwance, amma yawancinsu 'yan haya ne, kuma ba su da yawan da za su cika bene bayan bene.

Shi ya sa awon da na fi yarda da shi shi ne haya. Je ka tambayi dillalai uku da ba su san juna ba nawa ake kama fulat mafi tsada mai ɗaki uku a GRA yanzu, wanda aka biya ba wanda ake nema ba. A misali mu ce miliyan 10 a shekara, to miliyan 280 shekara 28 kenan kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a cire watannin da zai zauna babu kowa kana biyan sabis caj daga aljihunka ba, ba a cire fenti da gyaran esi ba. Ka kwatanta da abin da wannan kuɗin zai juya maka a shago, ko da gida biyu na ƙasa a Hotoro. Batun zai ninka kuwa, a naira komai ma ninkawa yake, kafin Yunin 2023 dala ba ta kai 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500, wanda gidansa ya ninka sau biyu a tsakanin nan asara ya yi in da dala yake sayo kaya. Kuma wannan tashin shi ne yake kashe gine-ginen da ake sayarwa tun a takarda, don lif da gilashi da janareta duk daga waje ake shigo da su, mai ginin ya yi lissafi da tsohon farashi, ya kai zubin dakin, wato rufin kankare, na hawa na shida kuɗi ya ƙare, sai ko dai ya dawo ya ce ku ƙaro ko ya rage rodi.

Rage rodi kuma mun ga ƙarshensa. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ta Legas ya rufta, sama da mutum 40 suka rasu, shi ma na alfarma ne da ake tallarsa ga masu hali. Nan gida ma a Agustan 2022 wani bene da ake ginawa a titin Beirut ya faɗo kan mutane. Ƙasar Kano akwai dutse a ƙarƙashi, fandesho yana samun wurin zama, sai dai garin cike yake da tsofaffin kududdufai da aka cike da shara aka yanka fuloti, saboda haka rahoton gwajin ƙasa dole ne ka gani, da sunan injiniyan da ke da rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, da matakala biyu ta gudun gobara.

Takardu kuma kar ka wakilta dillali, la'adarsa yake nema. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, C of O ɗin filin, wato takardar shaidar mallaka, da sunan wa yake, me aka ba da shi a yi, an jinginar da shi a banki ko a'a, lauyanka ya bincika a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Kano. Amincewar hukumar tsara birane ta KNUPDA hawa nawa ta ce, 14 ko 8? Kai kuma wace takarda za a ba ka a kan fulat ɗinka wadda magada za su iya rabawa ko su sayar ba sai sun roƙi kowa ba? Wanda ya ga rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a 2023 a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kafin alƙalamin kashi 30 ɗin nan miliyan 84 ne fa Alhaji, a kan ginin da ko rami ba a haƙa ba, cinikin biri a sama kenan. In har ranka ya biya, a ɗaure biyan da matakan aiki, a yi fandesho ka biya kaza, a zuba dakinka ka biya kaza, a rubuta abin da za a mayar maka in an wuce wa'adi, kuma ka biya ƙwararren mai kimanta kadara mai rajista ya duba maka. Ni dai a wannan farashin, da kuɗin kasuwa, ba zan shiga ba sai na ga lif yana hawa yana sauka. In an gama ka saya da ɗan tsada ya fi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, maƙwabcinmu ya tayar da bene hawa biyar tagoginsa duk sun leƙo tsakar gidanmu, yanzu ko wanki sai da hijabi. Wai hakan zai karya kuɗin gidanmu? Daga wata Hajiya, Gyaɗi-Gyaɗi.

AMSA: Hajiya sannu da haƙuri. A wurin mai sayen da zai zauna da iyali eh zai karya, a wurin mai son rushewa ya tayar da nasa benen kuma ƙila ma ya ƙaru tunda layin ya fara zama na benaye. Amma kar ki jira sayarwa, tun ginin bai ƙare ba maigida ko babban ɗanki ya samu mai unguwa a zauna da mai ginin, a nemi ya ɗaga tagogin ɓangarenku sama da tsayin mutum ko ya sa gilashi mai duhu da ba ya buɗewa, yawanci ana daidaitawa a nan. In ya ƙi sai a rubuta ƙorafi zuwa KNUPDA a duba ko abin da aka amince masa kenan, da tazarar da ya kamata ya bari tsakaninsa da katangarku.

TAMBAYA: Yallaɓai me ya sa Kano da duk arzikinta ba mu da dogayen gine-gine irin na Dubai? Daga wani ɗalibi, Kabuga.

AMSA: Ɗana, gini yana hawa sama ne in ƙasa ta yi tsada ko ta ƙare. Ikoyi da Victoria Island a Legas ruwa ya kewaye su har sai da aka cike teku aka yi Eko Atlantic, benen agogo na Makka mai mita 601 kowa so yake ya kwana kusa da Harami shi ya sa taku ɗaya na ƙasar wurin ya fi zinare, Burj Khalifa mai mita 828 da aka buɗe a 2010 kuma talla ce Dubai ta yi wa kanta don jawo masu kuɗin duniya. Mu kuwa ka bi titin Zariya ko na Haɗeja ko na Gwarzo fili ne iya ganinka, ko rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a faɗi aka shimfiɗa su. 'Yan dogayen da muke da su irin Gidan Murtala da Gidan Ado Bayero ofisoshi ne, kuma in ka samu dama ka shiga ɗaya ka tambayi masu aiki a hawan ƙarshe yadda suke ji ranar da aka ɗauke wuta.