Da gaske ake buga wa mutane ƙusa a Filifin?

Ka tambaya ko bidiyon mutumin da aka gicciye a Filifin wasan kwaikwayo ne. Wallahi ƙusa ce ta gaske, ni ma da farko na ɗauka siddabaru ne. Duk Juma'ar kafin Ista ake yi a San Pedro Cutud, lardin Pampanga, wasu kuma su bi titi ba riga, suna tsula wa bayansu bulala har jini ya jiƙa wando.

Sai dai kar ka ɗora wa cocin Katolika, limamanta sun sha hanawa. Bakance ne mutum ke cikawa. Ruben Enaje, mai fentin alluna, ya fara sa a gicciye shi a 1986 bayan ya faɗo daga bene bai mutu ba. A barasa ake jiƙa ƙusoshin, kuma bayan 'yan mintuna ake sauko da mutum.