Tsakanin Kano da Jidda: Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya a Jirgin Sama

Ɗan'uwa, ka tambaya nisan da ke tsakanin Kano da Jidda da kuma awannin da jirgi yake ci, domin tikitinka ya nuna lokacin da ya zarce abin da aka gaya maka.

Idan aka miƙe sambal daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz, nisan ya kai kimanin kilomita 3,400, kuma jirgin da ba ya ya da zango yakan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar. Sai dai bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Wanda zai canza jirgi a Alƙahira ko Addis Ababa kuwa, sai ya haɗa da awannin jira.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, kuma lokacin sauka da ke jikin tikiti na agogon Jidda ne, saboda haka ka cire awa biyun kafin ka yi lissafi.

Ka tabbatar da jadawalin a wurin kamfanin jirgin kwana ɗaya kafin tashi. Idan Umara za ka yi, batun ɗaura harami kafin wuce miƙati yana da muhimmanci ƙwarai, ka nemi bayaninsa daga malami tun kana gida.