Amsata ga Alhaji kan kuɗin ƙungiya da tafiya Accra

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Alhaji na saurari muryarka tun la'asar, sai yanzu na tashi daga kasuwa na samu zama. Ka ce ba ka ga dalilin da za mu taɓa asusun ƙungiya mu tura mutum biyu Accra su zauna da mutanen ma'aikatar ciniki ba, tunda yarjejeniyar ƙasa da ƙasa aikin gwamnati ne, ɗan albasa na Kumasi meye nasa a ciki. Alhaji kai babba ne a wurina, amma wallahi a nan ban bi bayanka ba, ka yi haƙuri ka ji ni.

Eh, minista ne ke sa hannu. To amma takardar da yake shiga ɗakin da ita, wa ya cika masa? Ma'aikacin da ke jera kaya, wannan a cire masa kuɗin kwastan wannan a bar masa, bai taɓa kwana a Paga, bodar Ghana da Burkina, da lori cike da albasa tana zafi ba, abin da aka ajiye masa a tebur da shi yake aiki. Masu masana'anta sun daɗe da gane haka, shi ya sa ƙungiyoyinsu ke ɗaukar lauya da masu lissafi, su rubuta baƙi da fari, in kuka buɗe wa kaya kaza ƙofa ma'aikata kaza za su zauna a gida, su kai ma'aikata, su kai majalisa, su kira 'yan jarida, kuma ba sau ɗaya ba, kullum suna bakin ƙofa har a gaji da su. A Amurka ma doka ce tun 1974, akwai kwamitocin 'yan kasuwa da ke ba masu tattaunawar gwamnati shawara, har ana nuna musu daftarin da sauran jama'a ba sa gani.

Bari in ba ka misalin gwanjo, tunda duk mun san Kantamanto, kasuwar gwanjo ta Accra. A 2016 ƙasashen gabashin Afirka suka yanke cewa za su daina shigo da gwanjo don masaƙunsu su tashi. A 2017 wata ƙungiyar dilolin gwanjo ta Amurka, SMART, ta kai ƙara ofishin cinikin gwamnatinsu, ta ce ayyuka dubu 40 na cikin haɗari, a duba gatan AGOA da ake ba waɗannan ƙasashe na shigar da kaya Amurka ba haraji. Kenya ta fara ja da baya, Tanzaniya da Uganda suka bi, Ruwanda ce ta tsaya a kan bakanta, a 2018 Trump ya dakatar mata da gatan a kan tufafi. Ka gani Alhaji, ƙungiyar masu ɗaure dila ce fa, ta juya shawarar shugabannin ƙasashe. Ni abin ya ba ni haushi sosai, don a ganina zalunci ne, amma dai ka ga ƙarfin takarda in an san inda ake kai ta.

Mu dawo kusa. Watan Maris 2018 ƙasashe 44 suka sa hannu kan AfCFTA, yarjejeniyar ciniki ba shinge ta ƙasashen Afirka, a Kigali, Buhari ya fasa zuwa. Saboda me? MAN ta masu masana'antun Najeriya da ƙungiyar ƙwadago NLC suka ce ba a shawarce su ba. Sai Yuli 2019 ya sa hannu a Yamai, bayan an zagaya an ji ta bakinsu. Yarjejeniyar ciniki ta EPA da Turai ma MAN na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata Najeriya ta ƙi. Mu Ghana mun sa hannu kan tamu a 2016, amma an ware wasu kaya da ba za a cire musu haraji ba, kaji na ciki. Masu kiwon kaji sun sha wuya kafin nan, a 2003 majalisa ta ƙara harajin kajin waje, aka dakatar da shi bayan matsin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, har kotu suka je. Kuma kun tuna rigimar AGI ta masu masana'antun Ghana da GUTA ta 'yan kasuwa kan rangwamen kuɗin fito na 2019, AGI na cewa yana kashe masana'antun gida, GUTA na cewa in an cire kaya za su yi tsada, ƙarshe aka rage, daga baya aka soke. Kowa gonarsa yake karewa, ni ban ga laifin kowa ba, abin da ke damuna shi ne ba a ji muryar ɗan albasa ko ɗan shanu ko ɗan goro a irin wannan wuri.

To yanzu ga tamu. Albasar Galmi da muke ɗaukowa daga Nijar ba kuɗin kwastan ne babbar matsalarta ba, tsarin ECOWAS ya riga ya yafe wa amfanin gona wannan. Shingaye ne, da jira a boda, da kuɗin da ba rasit. Kun tuna 2023 bayan juyin mulkin Nijar da aka rufe iyaka, lorori suka maƙale ta ɓangaren Benin albasa ta ruɓe a ciki, akwai waɗanda ke wannan guruf ɗin har yau ba su gama biyan bashin ba, Allah ya mayar musu da alheri. Sannan 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fita ECOWAS. An ce kaya su ci gaba da wucewa kamar da kafin a daidaita, to wannan daidaitawar ita ce tattaunawar da abincinmu ke ciki, kuma hanyarmu ta cikin ƙasashen nan take. In ba mu kai takarda ba, masu siminti da masu tashar Tema za su kai tasu, za a rubuta doka da kwantena a zuciya, ba da kayan da kwana uku a rana ke lalata shi ba. Ga sakatariyar AfCFTA nan Accra, ba sai mun hau jirgi ba, har wurin kai ƙorafin shingaye suna da shi a intanet.

Ni ba cewa na yi mu tafi da baki kawai ba Alhaji, in da baki ne gara mu bar kuɗinmu. Lissafi suke ji. Lori nawa muke saukewa a wata, kwana nawa daga Galmi zuwa nan, shinge nawa, sidi nawa ake kashewa a hanya, buhu nawa ke ruɓewa, mutum nawa ke ci a ƙarƙashinmu daga direba zuwa 'yan dako zuwa mata masu kasawa a Kejetia da Aboabo. Mu haɗa da 'yan uwanmu na kasuwar albasa ta Adjen Kotoku kusa da Accra da 'yan shanu, takarda ɗaya hatimi da yawa.

Don Allah duk mai tsofaffin takardun lodi ko rasit na wata shida da suka wuce ya kawo ranar Juma'a bayan masallaci, direbobi kuma kowa ya rubuto shingayen da ya ƙirga a tafiyarsa ta ƙarshe. Alhaji littafinka ya fi na kowa tsari, da naka nake so mu fara in ka yarda. Sai da safe.